Na'ura a Zauren Shari'a: Muhawara Kan Makomar Kotunan Yankin Funtua da Malumfashi

Ƙananan hukumomi 11 da suka haɗu suka zama shiyyar kudancin Jihar Katsina, daga Funtua da Bakori da Ɗanja da Ɗandume zuwa Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, ƙasar noma ce wadda arzikinta ya dogara ga masara da dawa da waken soya da auduga, saboda haka kaso mai yawa na ƙararrakin da ke isa gaban alƙalanta daga gona suke tasowa ko daga kasuwar amfanin gona. Rabon gado da rikicin iyaka da jinginar gona da ɓarnar dabbobi a lokacin kaka da bashin taki su ne abincin yau da kullum na kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda jihar ta kafa a madadin kotunan yanki a shekarar 2000, yayin da manyan laifuffuka irin su fashi da makami da garkuwa da mutane, waɗanda suka yawaita a shekarun baya-bayan nan, suke zuwa gaban Babbar Kotun Jiha. A wannan yanayi ne ake muhawara a kan ko shigar da fasahar zamani da sakamakon binciken kimiyya cikin aikin kotu zai kusantar da adalci ga manomi, ko kuwa zai ƙara nisantar da shi.

Abin da ake kira fasahar kotu ya ƙunshi abubuwa huɗu mabambanta, kuma yawancin ruɗanin da ke cikin muhawarar ya samo asali ne daga cakuɗa su wuri guda. Na farko shi ne adana bayanai, wato ɗaukar muryar zaman shari'a da ajiye kundin kowace ƙara a kwamfuta. Na biyu shi ne zama daga nesa, inda alƙali da lauyoyi da wanda ake tuhuma suke ganin juna ta bidiyo ba tare da sun haɗu a ɗaki ɗaya ba. Na uku shi ne hujjar na'ura da ta kimiyya, kamar saƙon waya da rasidin tura kuɗi da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA da taswirar gona. Na huɗu kuma shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da aka horar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce har take iya tsara bayani, ko fassara shi, ko yin hasashe a kan halin mutum.

Hujjojin masu goyon baya

Hujja ta farko da masu goyon baya suke kafawa ita ce jinkiri. Har yanzu alƙalai da yawa a Najeriya da hannunsu suke rubuta duk abin da shaida ya faɗa, lamarin da ke tilasta wa mai ba da shaida ya riƙa dakatawa bayan kowace jimla, ya kuma sa abin da ya shiga kundi ya zama abin da hannun alƙali ya iya kamawa kawai. Idan aka ɗaukaka ƙara daga Funtua zuwa Katsina, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 200, sai an kwafe kundin an tantance shi, kuma idan shari'ar ta wuce zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya sai an fassara shi daga Hausa zuwa Turanci, kuma a kowane mataki ana iya yin watanni ana jira, ana kuma iya rasa shafi ko sauya ma'ana. Ɗaukar murya da ajiyar kwamfuta, a ganin waɗannan masu ra'ayi, za su rage wannan jira, su kuma toshe ƙofar da ake bi a ce fayil ya ɓata.

Hujja ta biyu ta shafi waɗanda ke zaman jiran shari'a, waɗanda alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali suka daɗe suna nuna cewa sun kai kimanin kashi biyu cikin uku na dukkan tsararrun ƙasar. Sau da yawa abin da ke hana a saurari ƙarar mutum bai wuce rashin mota ko mai ko masu rakiya da za su kai shi kotu ba, kuma a yankin da hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka sha fama da 'yan bindiga, ɗauko shaida daga ƙauye kansa kasada ce. Masu goyon baya suna nuni da cewa ƙasar ta riga ta gwada mafita a lokacin annobar korona, domin a watan Afrilun 2020 Babbar Kotun Jihar Borno, ƙarƙashin Babban Jojinta Kashim Zannah, ta yi zama ta bidiyo, a watan Mayu kuma wata kotu a Ikeja ta yanke hukuncin kisa ta manhajar Zoom, sannan a ranar 14 ga Yulin shekarar Kotun Ƙoli, a ƙararrakin da jihohin Legas da Ekiti suka shigar, ta bayyana cewa irin wannan zama bai saɓa wa tsarin mulki ba, masu ƙarar kuma suka janye. Suna ƙarawa da cewa fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan yankin ke aiki da shi, ya san karɓar shaida daga nesa tun da daɗewa ta hanyar wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali, inda alƙalin wani gari yake sauraron shaidu ya rubuta ya hatimce ya aika wa ɗan'uwansa, saboda haka bidiyo sabuwar hanya ce ta biyan tsohuwar buƙata.

Hujja ta uku ita ce rayuwar mutane ta riga ta koma cikin waya, ko kotu ta so ko ta ƙi. Dillalin hatsi a kasuwar Ɗandume yana ƙulla cinikin buhuna da saƙon murya na WhatsApp, yana karɓar kuɗi ta hannun mai POS, kuma idan rigima ta tashi babu takarda babu shaidu biyu, sai abin da wayar ta adana. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta amince da bayanan da kwamfuta ta fitar bisa sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, gyaran da aka yi mata a 2023 kuma ya faɗaɗa wannan amincewa zuwa sa hannu da rantsuwa ta na'ura. Haka nan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda jihohi, har da Katsina, suka yi nasu irinta, ta tanadi ɗaukar bidiyon ikirarin wanda ake tuhuma a ofishin masu bincike. Amfanin wannan a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake ɓata lokaci a abin da lauyoyi ke kira shari'a cikin shari'a, wato ƙaramin zaman da ake yi domin gano ko mutum da son ransa ya amsa laifi ko dukansa aka yi. Game da hujjar kimiyya kuma, binciken da aka yi a Amurka a kan fursunonin da gwajin DNA ya wanke bayan an ɗaure su ya nuna cewa a mafi yawansu kuskuren shaidar gani da ido ne ya jawo hukuncin, abin da ke tabbatar da cewa mai gaskiya ma yana iya rantsewa a kan abin da bai gani daidai ba.

A ɓangaren gona kuwa, masu goyon baya suna cewa iyakar da ta dogara ga kuka ko suri ko kwari ko tunanin tsofaffi tana gushewa idan bishiyar ta faɗi ko dattijon ya rasu, alhali awon da aka yi da tauraron ɗan'adam, irin wanda hukumomin KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano suke amfani da shi, yana nan ko bayan shekara hamsin, kuma zai iya rage yawan fitar da alƙali ke yi zuwa ganin gona.

Hujjojin masu ɗari-ɗari

Masu ɗari-ɗari ba sa musanta matsalar jinkiri, amma suna farawa da tambaya a kan ƙasar da za a kafa ginin. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 domin yaƙi da 'yan bindiga, cikinsu har da Funtua da Bakori da Malumfashi da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, aka kuma yi watanni a haka. A watan Oktoban 2024 kuma lalacewar manyan layukan lantarki ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda. Kotun da ta mayar da shigar da ƙara da aika sammaci da zamanta gaba ɗaya kan intanet za ta tsaya cik a irin waɗannan lokuta, kuma rashin tsaron da ake kafa hujja da shi wajen neman zama ta bidiyo shi ne kansa yake jawo katse sadarwar da bidiyon ke buƙata.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi wanda ke tsaye gaban alƙali. Ƙarfin kotun shari'ar Musulunci a wannan yanki shi ne talaka yana iya shiga ba tare da lauya ba, ya faɗi ƙararsa da bakinsa da Hausa, muhuti ya rubuta, masinja ya kai sammaci, kowa ya ji abin da abokin shari'arsa ya ce. Idan aka ce sai ta shafin intanet, da Turanci, za a shigar da ƙara, to an sanya sabon mai shiga tsakani wanda za a biya, kuma waɗanda za su fi jin jiki su ne tsofaffi da zawarawa da matan aure masu neman haƙƙin gado ko ciyarwa, waɗanda da yawansu ba su da babbar waya tasu ta kansu. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a yi shari'a a bainar jama'a, ya kuma ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta, kuma bainar jama'a a Bakori tana nufin 'yan'uwa da maƙwabta su cika benci su ji da kunnensu, abin da adireshin intanet ba zai maye gurbinsa ba ga mutanen da ba su da hanyar shiga.

Bincike ma, in ji su, bai tsaya a gefe ɗaya ba. A gundumar Cook ta birnin Shikago a Amurka, inda aka fara sauraron neman beli ta bidiyo a 1999, masu bincike na Jami'ar Northwestern sun gano cewa matsakaicin kuɗin belin da alƙalai ke yankewa ya ƙaru da kashi 51 cikin 100 a laifuffukan da sauyin ya shafa, alhali bai ƙaru haka ba a waɗanda aka ci gaba da saurara ido da ido, daga baya kuma gundumar ta daina tsarin. Ma'anar wannan ita ce mutumin da aka gani a allo yana rasa wani kaso na tausayi da amincewar da zai samu da yana tsaye a zauren. Akwai kuma matsalar abin da kyamara ba ta nunawa, domin alƙalin da ke kallon shaida daga wani ƙauye da 'yan bindiga ke karɓar haraji kafin a yi girbi ba shi da hanyar sanin wanda ke tsaye a bayan mai riƙe da wayar, haka kuma wanda ke magana daga gidan gyaran hali, ma'aikata na kewaye da shi, da wuya ya iya kai kukan cin zarafi. Fiƙihu ya ɗora karɓar shaida a kan tazkiyya, wato tabbatar da adalcin shaida ta bakin waɗanda suka san shi a zaune da tafiye, kuma wannan aiki ne na sanin mutane wanda na'ura ba ta yi.

Hujja ta uku ita ce na'ura tana kuskure, kuma kuskurenta ya fi na mutum haɗari saboda ana ganin ba ta da son zuciya. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta nuna giɓin kuɗin da babu shi, kotuna kuma suka ɗauka cewa kwamfuta ba ta ƙarya, sannan a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a zama ɗaya, majalisa kuma ta yi dokar wanke sauran a 2024. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da ƙwararru da lauyoyi masu yawa, ana iya tunanin halin manomin da aka kawo rasidin banki na jabu ko muryar da aka ƙirƙira da manhaja a kansa, ba shi kuma da kuɗin ɗauko masanin da zai ƙaryata. Matsalar ta fi tsanani a kotunan shari'ar Musulunci, domin sashe na 256 na Dokar Shaida ya cire ƙararrakin da ba na laifi ba a irin waɗannan kotuna daga ƙarƙashinta, saboda haka alƙali yana auna saƙon waya ne da ƙa'idar ƙarina, wato alamar da ke nuni ga gaskiya ba tare da ta zama shaida cikakkiya ba, kuma littattafan da ya karanta, kamar Tuhfa da Muhtasar da Tabsira ta Ibn Farhun, sun ba shi ƙa'idar amma ba su koya masa yadda ake gane muryar jabu ba.

Game da ƙirƙirarriyar basira, masu ɗari-ɗari suna tuna cewa a 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙago, a 2016 kuma Kotun Ƙolin Jihar Wisconsin ta bari a yi amfani da manhajar COMPAS wajen hasashen ko mai laifi zai sake aikatawa, duk da cewa kamfanin ya ɓoye yadda take lissafi. Manhajojin nan da rubutun Turanci aka fi horar da su, hukunce-hukuncen kotunan Musulunci na Arewa kuwa yawancinsu suna cikin kundaye na hannu, don haka amsar da za su bayar a kan shufu'a, wato haƙƙin abokin tarayya na fifiko wajen sayen rabon ɗan'uwansa, ko a kan hauzi, wato mallakar da ke tabbata saboda daɗewar riƙo, tana iya fitowa da tsari mai kyau alhali ba daidai take ba.

Ko gwajin DNA da taswira ba su tsira daga suka ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 2002 cewa ana iya amfani da gwajin a binciken laifi da warware ruɗanin nasaba, amma ba a kafa haddi ko ƙisasi da shi, ba a kuma kore nasabar da aure ya tabbatar da shi, domin shari'a tana kare wasu maslahohi da suka wuce sanin wanda ya haifi wa. Taswira kuma tana rubuta suna ɗaya a kan fili ɗaya, alhali gonar gandu guda tana iya ɗauke da haƙƙin magada da ba a raba ba, da na wanda aka ba aro, da na mai jingina, da burtalin da makiyaya ke bi zuwa mashaya, kuma wanda ya riga kowa zuwa ofishin awo zai iya shafe sauran da takarda.

Auna hujjojin biyu

Wata shari'a da ta taso daga wannan yanki tana taimakawa wajen auna ɓangarorin. A watan Maris na 2002 kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa bisa zargin zina, babbar kotun shari'ar Musulunci ta Funtua ta tabbatar da shi a watan Agusta, sannan a ranar 25 ga Satumban 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Katsina ta soke shi da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya. Daga cikin dalilan sokewar akwai cewa alƙali ɗaya ne ya zauna alhali doka ta buƙaci ya zauna da mataimaka biyu, da cewa tana da haƙƙin janye ikirarinta, da cewa Malikiyya tana jingina ciki ga tsohon miji har tsawon shekaru bayan saki. Babu gwajin kimiyya da ya warware wannan shari'a, ilimin fiƙihu da bin ƙa'ida ne suka warware ta, kuma wannan yana ƙarfafa masu ɗari-ɗari. Amma kotun sama ta gano kurakuran ne ta hanyar karanta kundin kotun ƙasa, wanda ke nufin ran mutum yana iya rataya a kan ingancin abin da aka rubuta a ranar farko, kuma wannan yana ƙarfafa masu neman a ɗauki kowace kalma a adana.

Ma'aunin da ya fi dacewa da raba gardamar yana cikin al'adar kotunan kansu, wato i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidun da aka kawo, wadda idan aka tsallake ta hukuncin yana iya rushewa a ɗaukaka ƙara. Ruhin wannan ƙa'ida shi ne kada a hukunta mutum da abin da bai fahimta ba kuma bai sami damar ƙalubalanta ba. Idan aka ɗora nau'o'in fasahar nan huɗu a kan wannan ma'auni, ba su fitowa da nauyi ɗaya. Ɗaukar murya da bidiyon ikirari da rajistar da ke nuna ranar da aka tsare kowane mutum da ranar da ya kamata ya koma kotu suna ƙara wa mai rauni ƙarfin yin suka, suna kuma iya aiki da wutar hasken rana ba tare da intanet ba, saboda haka su ya kamata a fara da su, a ci gaba da riƙe kundin takarda tare da su. Zama ta bidiyo ya dace da ambaton ƙara da ɗage ta da sauraron ƙwararren da ke nesa, amma bai dace da sauraron shaidu a babban laifi ko yanke hukunci mai tsanani ba, sai da yardar wanda ake tuhuma da kasancewar ma'aikacin kotu a inda shaidan yake. Hujjar na'ura ta cancanci matsayin ƙarina wadda ake ƙarfafawa da shaidu ko rantsuwa, tare da ba ɓangaren da ba shi da hali damar samun masani a kan kuɗin gwamnati, taswira kuma a yi ta a gaban mai unguwa da dagaci da maƙwabtan iyaka da magada mata, a rubuta duk haƙƙoƙin da ke kan filin. Ƙirƙirarriyar basira tana iya taimakawa wajen neman hukunce-hukuncen baya da tsara daftarin fassara wanda mutum zai duba ya sa hannu, amma manhajar da ba a iya tambayarta dalilinta ba ta da gurbi a wajen yanke beli ko hukunci.

Abin da ya rage shi ne bincike na gida, domin darasin Shikago da na Birtaniya gargaɗi ne kawai, ba su auna halin Funtua ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suna da malaman da za su iya bin diddigin kotuna kaɗan da aka gwada sabon tsari a cikinsu, su ƙididdige tsawon lokacin da ƙara ke ɗauka da yawan ɗagewa da dalilansa da yawan hukuncin da ake sokewa a sama, su kuma tambayi masu ƙara ko sun fahimci abin da aka yi da su. Sakamakon irin wannan awo, tare da horar da alƙalai da muhutai da magatakarda da ware kuɗin gyaran na'urori a kasafin kowace shekara, shi ya kamata ya yanke irin fasahar da za a faɗaɗa zuwa sauran kotunan shiyyar da irin wadda za a ajiye.